Tabon Aidin a Hannun Rigar Dokta

Akwai wani saurayi ɗan sakandare da kowa ke kira Dokta. Ba likita ba ne, ko allura bai taɓa riƙewa ba. Kakarsa ce ta laƙaba masa sunan tun yana firamare, ranar da ya karanta mata rubutun jikin kwalin maganinta ba tare da ya yi tuntuɓe ba. Sunan ya bi shi har makaranta, shi ma ya karɓa hannu bibbiyu.

Gaskiya yana da kai. Abin da ya karanta sau ɗaya ya zauna, kuma kowane zango shi ne na ɗaya. Duk ajin shi kaɗai ke zuwa da farar riga mai dogon hannu wadda ta sha sitati da guga, har in ya lanƙwasa hannu sai ka ji tana ƙara.

Aibinsa ɗaya ne. Bakinsa bai iya furta "ban sani ba."

A ajin akwai wata yarinya da ake ce wa 'Yar Tela, don mahaifinta yana da shagon ɗinki a layin bayan makarantar. Ba ta da surutu, makinta tsaka-tsaki ne, komai nata a hankali. Kujerarta na kusa da taga. Dokta yana yawan kallon tagar nan fiye da yadda taga ta cancanta, amma bai taɓa ce mata komai ba sai "ba ni aron rula."

Wata Talata Malamar Bayoloji ta kai su ɗakin gwaje-gwaje. Ranar ce za su fara taɓa maikiroskof, na'urar da ke nuna abin da ido ba ya iya gani.

Ta ɗora guda a kan tebur tana nuna musu. Ga bututun da ake leƙawa ta sama. Ga idanun gilas uku a ƙasansa, gajere da matsakaici da dogo, a kan faifai mai juyawa. Ga ɗan dandamalin da ake ɗora fallen gilas. Ga ƙaramin madubi a ƙarƙashi mai kwaso hasken taga. A gefe kuma ga abin murɗawa guda biyu, babba da ƙarami, waɗanda take ce wa kunnuwa.

"Ku buɗe naku kunnuwan kafin ku taɓa nata," in ji Malama. "Da gajeren ido ake farawa. In za ka sauke bututu, ka kalla daga gefe, kada idonka yana ciki. In ka koma dogon ido, babban kunne ya haramta gare ka, sai ƙarami. Guda huɗu gare mu a makarantar nan kaf. Wanda ya karya doka ya fasa min abu, ya yi ban kwana da ɗakin nan har ƙarshen zango. Kun kuma sani, wanda ba shi da makin gwaji ba ya ci gaba da zama a ajin kimiyya."

Dokta bai saurara ba. Ya riga ya haddace sunan kowane sashe na na'urar tun hutu. Yana can yana gyara hannun rigarsa.

Aka raba su bibbiyu, sauran suna jiran layi a bencin baya. Sai rabo ya haɗa shi da 'Yar Tela.

Ita ta ɓare siririyar fatar cikin albasa, ta shimfiɗa a kan gilas, ta ɗiga ruwan aidin, maganin da ke rina fatar don a gan ta sosai, ta rufe da siririn marfi. Hannunta ko rawa bai yi ba.

"Kawo nan," in ji Dokta. "Bari in saita miki."

Ya juya faifan zuwa dogon ido.

"Malama ta ce da gajere ake farawa," ta faɗa a hankali.

"Wannan don masu koyo ne."

Ya sa ido. Duhu. Ya runtse ɗayan idon, ya sake leƙawa. Duhu ne dai, sai inuwar gashin idonsa tana motsi. Madubin ƙasa yana kallon bango, amma bai sani ba.

"Ka gani?" ta tambaya, muryarta cike da ɗoki.

Da ya ce a'a, da labarin nan ya ƙare a nan. Amma tana tsaye kusa da shi, tana jiran amsarsa da idanu a buɗe.

"Ƙwarai kuwa," in ji shi. "Ras nake gani."

Ya jawo takarda ya zana ƙwayar halittar tsiro kamar yadda take a littafi. Kusurwa huɗu cif, da ɗigo babba a gefe, da ƙananan koren ɗigo-ɗigo zagaye. Har fensir mai launi ya ciro. Cikin minti biyar ya gama, ya ja kujera ya harɗe ƙafa.

'Yar Tela ta matso. Ta mayar da gajeren ido. Ta sunkuya ta gefe ta sauke bututun. Ta juya madubin har ya kamo hasken taga. Sannan ta sa ido tana murɗawa sannu sannu, kamar mai neman kafar allura.

Can sai ta daina murɗawa.

"Ikon Allah," ta ce, ba da kowa take ba. "Kamar tubalin gini. Dubi yadda aka jera su."

Fuskarta ta yi wani haske da bai taɓa gani a fuskar kowa ba a kan karatu. Ta daɗe tana zane, tana leƙawa, tana gogewa. Zanenta bai kai nasa kyau ba. Layukan a karkace, ga wani baƙin zobe a gefe, ga inda fatar ta naɗe.

Sai Malama ta kira ta daga gaba, ta kawo kwalbar aidin don na gaba su samu.

Tana juya baya Dokta ya miƙe. Yana so ya ga abin da ya sa fuskarta haske. Da ya leƙa kawai, da ya gani, don ta riga ta saita komai. Amma zuciyarsa ta ce masa: in ita ta ga haka da ƙaramin ido, kai da babba za ka ga abin da ya fi.

Ya juya dogon ido. Ya leƙa, ya ga hazo. Ya kama babban kunne ya murɗa, idonsa yana ciki.

Ƙas.

Ƙarar ba ta da yawa, hayaniyar kujeru ta haɗiye ta. Ya ɗago a firgice. Gilas ɗin ya tsage gida uku. Ya kai hannu zai gyara, bakin hannun rigarsa ya sha ruwan aidin. Nan take wurin ya koma shuɗi mai duhu, kusan baƙi.

Ya mayar da gajeren ido da sauri, ya naɗe hannun rigar sau biyu, ya koma kujerarsa.

'Yar Tela ta dawo ta ɗora hannu a kan kunnen na'urar, daidai lokacin da Malama ta iso duba aikinsu. Malama ta ga tsagaggen gilas. Ta kwance dogon idon ta ɗaga shi a hasken taga. Bakinsa ya ɓantare.

Ta dubi su biyun.

"Waye?"

"Ni dai na gama nawa tun ɗazu, Malama," in ji Dokta. "Ga zanena."

Ba ƙarya ya yi kai tsaye ba, kuma ya san da gangan ya zaɓi kalmomin.

Malama ta juya. "Ke fa? Hannunki na gani a kai."

"Ban san yadda aka yi ba, Malama. Lafiya na bar shi."

"To aljanu ne? Ɗauki jakarki."

'Yar Tela ta kalli Dokta. Ba fuskarsa ta kalla ba, naɗaɗɗen hannun rigarsa ta kalla. Sannan ta ajiye zanenta a kan tebur, ta ɗauki jaka ta fita, ta ja ƙofar a hankali don kada ta yi ƙara.

Da aka tashi, Dokta ya so ya wuce gida kai tsaye. Sai ya tuna Ummansa ta ce lallai yau ya biya a gwada shi, za a ɗinka masa farar rigar ɗakin gwaji. Kuma tela ɗaya ne ke yi wa gidansu ɗinki.

Shagon ƙarami ne, keke biyu da tebur ɗin yanka, ƙyallaye a ƙasa, alli a kunnen mai shi. 'Yar Tela tana zaune a lungu tana zura wa babanta zare a allura, don idonsa ya fara rauni. Ba ta ɗago ba.

"A'a, Likita bokan zamani!" in ji Tela yana dariya. "Shigo, shigo. Yau ni zan duba ka. Miƙe hannu."

Ya ja tef daga kafaɗa, ya tsaya a gwiwar hannu. "Warware min wannan naɗin, ɗana, kada in yi maka hannu guntu a ce ban iya ba."

Ba yadda ya iya. Ya warware.

"Subhanallahi, wace tawada ce wannan? Farar riga mai kyau haka."

"Biro ne ya fashe, Baba."

A lungu, allurar da ke hannun 'Yar Tela ta tsaya, sannan ta ci gaba.

Tela ya rubuta awo, ya nuna wata ƙaramar farar riga da ke rataye a ƙusa, hannu ɗaya ba a haɗa ba. "Ka ga ta abokiyar karatunka. Sati biyu tana damuna, Baba rigata, Baba rigata, har aljihu biyu ta ce in yi mata na biro. Yau kuma ta shigo ta ce in dakata, wai ba gaggawa. Kai da kake ajinsu, an fasa gwajin ne?"

Dokta ya sunkuyar da kai yana kallon ƙyallayen ƙasa.

"Ba a fasa ba, Baba," ita ta amsa. "Zan yi maka bayani in mun je gida."

"To Allah ya sa lafiya. Ita fa wai ma'aikaciyar gwajin jini take so ta zama. Na ce to, ke ki duba jinin, Dokta ya rubuta maganin, ni in huta da taka keke." Ya sake dariya. "Ka riƙa taimaka mata da karatu, ɗana. Kai Allah ya ba ka."

Dokta bai san yadda ya fito daga shagon ba.

A gida ya ɗebi ruwa a bokiti ya tsuguna a bakin rariya yana cuɗa hannun rigar. Kakarsa tana kan tabarma tana kallonsa.

"Yau wace rana! Maigidana da wanki? Ko wata ce ta ce ba ta son malalaci?"

"Kai, Kaka."

"Ni dai in kishiya za a yi min a faɗa min da wuri in nemi sabon haƙori. Me ya zube maka?"

"Ba komai."

"Ba komai ba ya sa mutum ya ƙi kallon mutane. Tun da ka shigo idonka a ƙasa kamar ka yar da kuɗin cefane."

Tabon ya bi ruwa tare da sitatin. Rigar ta fita fes. Ya tsaya yana kallonta a kan igiya, ya rasa dalilin da ya sa bai ji sauƙi ba.

Sati guda ya yi a haka. Kullum yana ganinta a kujerarta ta taga, tana rubutu kamar ba abin da ya faru. Ba ta harare shi ba, ba ta faɗa wa kowa ba. Ranar Alhamis ma rularsa ta faɗi, ta ɗauko ta miƙa masa. Da ta zage shi, da ya fi masa sauƙi.

Talata ta zagayo. Aji ya shiga ɗakin gwaji, 'Yar Tela ta zauna a kan dakalin waje da littafinta a cinya. Ta taga ana hango bayan kanta.

Malama ta shigo da takardun zane. Ta ɗaga guda biyu ta manna a allo.

"Wannan na Dokta ne. Kun ga kyau?"

Aji ya amsa. Wani daga baya ya ce, "Sai Dokta!"

"Taso, Dokta. Waɗannan koren ɗigon, a ina ka gan su?"

"A cikin na'ura, Malama."

"A fatar cikin albasa?"

Sai a lokacin abin ya faɗo masa. Koren ɗigon nan a ganye suke, inda rana ke bugu. Albasa a ƙarƙashin ƙasa take girma, fatar cikinta ba ta da su. Ya san wannan. Shi ya taɓa amsa tambayar a aji. Zanen ganye ya kwafo daga kansa ya laƙaba wa albasa.

Malama ta nuna ɗayan zanen. "Wannan kuma ba shi da kyau. Amma kun ga baƙin zoben nan? Kumfar iska ce da ta maƙale a ƙarƙashin marfi. Ba littafin da ke zana ta. Sai wanda ya gani da idonsa." Ta juyo gare shi. "Ga na'ura nan, ga albasa. Saita mana mu ga koren ɗigonka."

Ya tsaya a gaban na'urar. Zai iya cewa kuskuren fensir ne. Zai iya cewa ya haɗa da abin da ya karanta don zanen ya cika. Maganganun suna nan a bakinsa, a shirye. Ya ɗaga kai, ya hango ta a kan dakali, rana tana dukan littafinta.

"Ban iya ba, Malama."

"Ɗaga murya."

"Ban iya saitawa ba. Ran nan ban ga komai ba, duhu kawai na gani. Daga kaina na zana." Ya nuna na'urar. "Kuma ni na fasa gilas ɗin. Tana wajen kai miki aidin na juya dogon ido na murɗa babban kunne. Ba ita ba ce."

Wani ya yi fito a baya. Wata ta ce, "Dokta? Kai?" Ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Gumi ya jiƙa wuyan rigar da ta sha guga.

Malama ta dubi zanen da ke allo.

"Da na zauna duba zanen nan na fara zargi," in ji ta. "Sai na tuna ran nan ka fita da hannun riga ɗaya a naɗe, kai da ko zafi ake ba ka naɗewa. Aidin in ya haɗu da sitati, wane launi yake bayarwa?"

"Shuɗi mai duhu."

"Wannan ka sani." Ta nisa. "Ni ma na yi gaggawar hukunci, kuma zan ba ta haƙuri a gabanku. Je ka kira ta. Kai za ka je."

Tafiyar daga ƙofa zuwa dakalin ba ta fi taku goma ba, amma bai taɓa yin mai tsawonta ba.

"Malama na kiranki," ya ce. Sannan, "Na faɗa musu. Ki yafe min."

Ta rufe littafinta.

"Kin ga hannun rigata tun ran nan. Me ya sa ba ki faɗa ba?"

"Tabo na gani," in ji ta. "Ban ga lokacin da ka fasa ba. Ba na son in rantse a kan abin da idona bai gani ba." Ta miƙe tana kakkaɓe siket. "Kuma na sa rai za ka faɗa. Ka dai daɗe."

Hukuncin ya koma kansa. An hana shi taɓa na'ura har ƙarshen zango, aka kuma kira Ummansa makaranta. Malama ta yi masa sassauci ɗaya saboda ya faɗa da bakinsa: duk Talata zai wanke gilasan aji ya goge tebura, ranar ƙarshe kuma a gwada shi sau ɗaya. In ya saita da kansa, ya tsira da zama a ajin.

'Yan aji ba su raga masa ba. Sai ka ji, "Dokta, yau me ka gani? Kore ko shuɗi?" Ya koyi yin shiru. Yana wanke gilas yana kallon hannuwan mutane, musamman hannu biyu da suka saba da allura. Wannan zangon bai zo na ɗaya ba, ko na biyar bai zo ba.

Ranar gwajin, Malama ta zauna a gefe da biro. 'Yar Tela tana tsaye cikin farar rigarta mai aljihu biyu, don ita aka sa ta shirya masa albasar.

Ya juya gajeren ido. Ya sunkuya ta gefe ya sauke bututun. Ya sa ido.

"Me ka gani?" in ji Malama.

"Duhu."

Wasu suka fara dariya. 'Yar Tela ba ta yi ba. Ta ɗan kalli taga, ta kawar da kai.

Ya tuna. Ya kai hannu ƙasa ya juya madubin, haske ya cika bututun. Ya murɗa babban kunne sama sannu a hankali, sannan ƙarami. Hazon ya fara tattaruwa. Sai ga su. Jere-jere, ruwan zuma, kamar bangon da aka gina da haƙuri, kowane ɗaki da ɗigonsa a ciki. Ba guda biyu da suka yi daidai da juna. Ba ko ɗaya da ya yi kama da na littafi.

Ya daɗe bai ɗago ba.

"Ashe haka suke," ya ce a hankali.

"Akwai kore?" 'Yar Tela ta tambaya.

"Babu."

Sai a lokacin ta yi masa murmushi, na farko tun da suka san juna. Ya jawo takarda ya fara zane, layukansa a karkace.

Darasi: Faɗin "ban sani ba" kunyar minti ɗaya ce, amma ɓoye ta kan jawo kunyar da za ta daɗe, kuma sau da yawa wanda bai ji ba bai gani ba ne ke fara ɗaukar nauyinta. Kada sunan da mutane suka ba ka ya hana ka koyo daga na kusa da kai. Ka faɗi abin da idonka ya gani, in ka yi kuskure ka amsa da wuri kafin ya faɗa kan wani. Ku tura wa ɗalibai da iyaye da malaman da kuka sani, wataƙila akwai mai naɗaɗɗen hannun riga da ke jiran abin da zai ba shi ƙarfin warwarewa.